Ranar da Taubashina Ya Rufe Hanyar Kasuwa

Mu mutanen wajen Taba ruwan da muka sani bai wuce na rijiya da na fadamar rake ba, sai rafin da ke tsakaninmu da hanyar Makarfi, wanda da rani ko akuya tsallake shi take yi ba ta jiƙa kofato ba. Don haka ranar da labari ya iso cewa ɗan gwaggona ya shiga sojan ruwa, kowa a ƙauyen sai ya zauna ya ƙera nasa sojan ruwan a ka. Wasu suka ce a cikin ruwa suke kwana. Wani tsoho da ya taɓa zuwa cirani kudu ya rantse cewa ana tsaga musu bayan kunne don su riƙa numfashi a ƙasan teku, kuma babu wanda ya ƙaryata shi.

Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, wato taubasai muke. Ya girme ni da damina biyu, amma tun muna yara ban taɓa kiransa da wani suna ba sai bawana, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai gajeren banza. In muka haɗu ba mu zagi juna ba, to ɗayanmu ba shi da lafiya. Har a gaban manya muke yi, su yi dariya su ce ku dai kun ji da shi.

Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, ita ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Ya aiko mata da hotonsa cikin fararen kaya da farar hula, ta rataye shi a saman jeren kwanukanta. Duk macen da ta shigo aron rariya sai an nuna mata. Da kunnena na ji tana gaya wa matan unguwa cewa ɗanta in ya nutse da hantsi, sai an kira azahar yake ɗago kai, shi ma don salla ne. Ba ƙarya take yi ba, har zuciyarta haka ta ɗauka.

Ya yi wajen shekara goma sha biyu a aiki kafin ƙafata ta taka inda yake. Na bi wata motar tumatir zuwa kudu, gwaggo ta ɗaure mini ƙunshin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da mazarƙwaila, ta ce in kai wa ɗanta, kuma in duba mata ko ruwa bai sa fatarsa ta yi fari ba. Da muka sauke kaya na yi ta tambaya har aka nuna mini barikinsu a bakin teku. Katanga ce doguwa da waya mai ƙaya a samanta, ga wani ƙaton get, ga ƙarfe an gitta a hanya. Ina ɗaga ido sai ga bawana a tsaye, bindiga a kafaɗa, farin bel a ƙugu, ya sha mur kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa.

Murna ta kama ni, na ɗaga murya na ce, "Kai bawa! Zo ka karɓi kayan ubangidanka!"

Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tsaya bayan farin layin nan."

Na ce, "Wane malam? Ni ne fa, ɗan banza."

Ya ce, "Wa kake nema?"

"Kai nake nema!"

"Ya san da zuwanka? An rubuto sunanka a get?"

Ya sa na kwance ƙunshin gwaggo a kan wani tebur, ya bi komai da ɗan tsinke yana tonawa. Abokin aikinsa, wani mutumin kudu, ya toshe hanci da aka buɗe daddawa, yana tambaya da Turanci ko wani abu ne ya mutu a ciki. Bawana ya rubuta sunana da garinmu da lokacin da na zo a wani ƙaton littafi, kamar ba tare aka yi mana kaciya ba. Sannan ya nuna mini gindin wata bishiyar kwakwa ya ce in jira a can. Duk wanda ya san kwakwa ya san inuwarta ba ta ishi ƙadangare ba. Nan na zauna tun hantsi har la'asar, ina haɗa masa zagi kala-kala a raina.

Zaman nan dai bai tashi a banza ba, don na ga aikin da idona. Duk motar da ta zo sai ta tsaya, a leƙa ciki, a buɗe but, a duba ƙasanta da wani madubi mai dogon mariƙi. Wani babban mutum ya zo cikin kayan gida, da gani ka san ofisa ne, don duk sun ƙame sun sara masa. Bawana ya sara, sannan ya miƙa hannu a ba shi katin shaida. Mutumin ya laluba aljihu babu. Ya yi magana a hankali, ya yi da ƙarfi, ya nuna kansa da yatsa. Bawana yana ƙame yana ta "yallaɓai, yallaɓai," amma ƙarfen nan bai ɗaga ba. Ƙarshe dai motar ta juya, ta je ta dawo da katin. Na ce a raina, to, ashe ba ni kaɗai aka raina ba, har hankalina ya ɗan kwanta.

Da aka canje shi ya fito, ya cire hula, sai ga haƙora. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ya ce, "Gajeren banza! Ashe ba ka ƙara ko taƙi ɗaya ba? Na hango ka tun daga nesa, na ɗauka buhun daddawa ne ke tafiya da kansa."

Na ce, "Allah ya isa. Ka shanya ni a rana kamar barkono."

Ya ce, "A get ba ni da ɗan'uwa. Ko Inna ce ta zo sai an rubuto sunanta."

Bayan na ci na sha, ya karɓo mini takardar baƙo ya zaga da ni inda aka yarda baƙo ya gani. Yana tafe yana yi mini bayani da alfahari. Ya ce jirgi in yana tsakiyar teku shi ke tsare kansa, amma in ya dawo aka ɗaure shi, ya zama saniya a turke, kowa na iya zuwa ya taɓa. Ya ce tsofaffin da suka koya musu aiki sun gaya musu cewa a da cikin mutanen jirgi ake tsamo masu taurin kai a ba su kulki, su raba rigima, su hana baƙo hawa. Daga baya aka ware su, aka ba su horonsu daban. Su ke tsaron get da katanga da ɗakin makamai da rumbun mai, kuma in soja ya yi laifi su ake aikawa su taho da shi. Ya ce in komai lafiya babu mai tunawa da su, in allura ta ɓace su za a fara tambaya.

Muka isa inda ake ɗaure jirage. Kai, na ga ikon Allah. Ruwa har inda ido ya ƙare, ga jirage masu ruwan toka kamar an jera gidajen bene. Na matsa bakin siminti ina leƙe, sai na lura bawana ya tsaya can baya, nesa da bakin da kamar taku goma, yana kallon takalminsa.

Na ce, "Wanne ne naka?"

Ya ce, "Duka nawa ne, ni ke tsaronsu."

Na ce, "A'a, wanda kake shiga."

Ya waiga dama da hagu. Sannan ya ja ni gefe ya sauke murya. Ya ce a lokacin horon soja an jefa su a tafki, ya sha ruwa har ya hango marigayi kakanmu, sai a karo na uku ya kai ɗaya gefen, shi ma bai san yadda aka yi ba. Sau ɗaya aka sa shi a ƙaramin jirgin sintiri, ya yi ta amai har ya ba ofisansu tausayi. Da aka tashi raba aiki aka ce wa ke son get, hannunsa ne ya fara tashi. Tun daga ranar, in ji shi, ruwan da ya wuce gwiwarsa bai ƙara taɓa jikinsa ba sai na bokiti.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na yi har wani soja ya leƙo ya ga ko lafiya. Shi kuwa ya tsaya tsuru-tsuru, da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ya kama hannuna ya ce, "Don girman Allah kada Inna ta ji. Kada kowa ya ji a gida." Ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba sai ranar. Na yi masa rantsuwa cewa bakina ba zai faɗa ba, kuma na koma gida na gaya wa gwaggo cewa fatar ɗanta lafiya lau, ruwa ya karɓe shi.

Alkawarin rufe baki na yi. Ban yi alkawarin ba zan more abina ba.

Da ya cika shekarunsa ya yi ritaya ya dawo gida, ai sai kakata ta yanke saƙa. Sunansa na yanka ya ɓace, yara da manya Sojan Ruwa suke ce masa. Ya samu wurin zama a majalisar gindin darbejiya kusa da mai unguwa. A gaskiya bai taɓa buɗe baki ya yi ƙarya ba. In aka ce ya ba da labarin teku, sai ya girgiza kai a hankali ya ce, "Hmm, teku. Ku dai ku gode wa Allah." Sai kowa ya yi ajiyar zuciya, kowa ya ƙarasa labarin da kansa.

Ni kuma na ɗauki aikin tura masa jama'a. Guga ya faɗa rijiya, a zo neman ƙugiya wurina, in ce haba, muna da sojan ruwa a gari kuna wahala da ƙugiya? Ranar da ɗan akuyar maƙwabciyarmu ya faɗa tsohuwar rijiya, ni na raka ta har ƙofar gidansa. Ya fito ya kalle ni, na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ya zo bakin rijiyar ya shata layi da ƙafa, ya kori kowa baya, ya aika aka kira mai haƙar rijiya, ya tsaya yana ba da umarni har aka fito da ɗan akuyan yana atishawa. Da wata mata ta yi gunagunin me ya hana shi shiga da kansa, ni na tare ta. Na ce, "Ke, wanda ya saba da teku in ya shiga rijiya ai numfashinsa sarƙewa yake yi, wurin ya yi masa kaɗan." Kafin magariba maganar ta zaga gari, darajarsa ta ƙaru. Da muka haɗu a masallaci ya matse mini yatsu wurin gaisawa har na kusa yin ƙara.

Wata shekara mutanen wajen Paki za su yi su, wato kamun kifi, a wani tafki, na je takanas na gaya wa masu shiryawa cewa abin kunya ne a buɗe ruwa ba a gayyaci masanin ruwa ba. Suka aiko da goro. Bawana ya je, amma cikin babbar riga mai aiki da hula da takalmi sau-ciki, ya ce daga wurin ɗaurin aure yake. Aka ba shi kujera a inuwa, aka kawo masa kifin da ya fi kowanne girma. A hanyar dawowa ya ɗora mini kifin a ka, ya ce tunda ni na jawo, ni zan ɗauka.

Shi ma fa ba ya raga mini. Ya gaya wa duk majalisa cewa da na je kudu na ga ƙaguwa na haye tebur ina salati. Ya ce gonata ita kaɗai ce a ƙasar Kudan da ake shiga da fitila a nemo dawa cikin ciyawa. Kullum da safe in zai wuce ƙofar gidana sai ya buga ƙyauren da sanda ya ce, "Gajere, ka mutu ne ko kana nan?" Ni kuma in amsa daga ciki, "Ina nan, bawa, share ƙofar kafin in fito." Matata ta ce in ba ta ji wannan ba, ba ta san gari ya waye ba.

Gwaggo ta rasu shekara biyu da dawowarsa, tana riƙe da labarinta yadda take so. Bayan an share makoki na ce masa, to, yanzu ai sai ka huta, ka faɗa wa mutane gaskiya. Ya ce, "An makara. Da wane baki? Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar a ƙofa, a nan me ake ce masa? Maigadi." Lokacin an riga an ba shi shugabancin 'yan sintirin gari, in ana sulhu ana kiransa, a masallaci ana matsa masa a sahun gaba. Duk wannan a kan sunan nan yake tsaye, ya sani, na sani. Da ina da hankali da a nan na tsaya.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, ranar kasuwar Makarfi. An kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke. Na ɗora ɗanyar masara buhu huɗu a amalanke na nufi hanya, ina isa rafi na tarar da jama'a cirko-cirko. Ruwa ya haye kan kwalbatin da muke bi, ja wur, yana tafe da karan dawa da rassan itace, yana wani irin ruri. Ba a ganin kwalbatin sam. Ga mata da ƙwaryar nono, ga masu awaki, ga 'yan acaɓa, ga masu buhunan barkono, kowa na lissafin kasuwa na ci ba da shi ba. Mai unguwa ma yana wurin da lemarsa. Wani ya kawo shawara a sami mai ƙarfin hali ya ƙetare da igiya ya ɗaure a kukar da ke can gefen, sai mutane su riƙa kamawa suna wucewa. Aka kawo igiya. Aka rasa mai ƙarfin hali.

Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Na ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Gari da sojan ruwa guda ana neman mai ƙetare rafi?"

Wurin ya ɗauki hayaniya, kowa na cewa ai kuwa, ai kuwa. Mai unguwa ya tura ɗan acaɓa ya ɗauko shi. Ni ina gefe ina danne dariya, ina jira in ga da wace dabara zai zille yau. Na ɗauka zai zo da babbar riga, ko ya ce ƙafa na ciwo.

Ya sauka daga babur cikin tsohon takalminsa na aiki, usur rataye a wuya. Ya gaida mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Soja, yau ranarka ce. Ga igiya, ga kuka can. Ka fitar da mu kunya." Mata suka fara guɗa tun kafin a yi komai. Wani ya ɗaga waya zai ɗauka.

Bawana ya kalli ruwan. Ya kalli jama'a, mutum ya fi ɗari, duk ido a kansa. Ni bai kalle ni ba. Sai ya durƙusa ya fara kwance igiyar takalminsa.

Nan dariyata ta tsaya. Ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya jera su a gefe, ya naɗe ƙafar wando. Sai na gane babu wata dabara, mutumin nan shiga zai yi. Ya gwammace ruwan nan ya tafi da shi da a ce masa maigadi. Ya karɓi igiya ya fara ɗaurawa a ƙugu.

Ban san lokacin da na yi tsalle na shiga gabansa ba. Na ce, "Jama'a, ku tsaya! Wallahi tallahi bai iya ruwa ba! Bai taɓa iyawa ba! Get yake tsaro, na gani da idona!"

Aka fashe da dariya. Har mai unguwa sai da ya riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce, "Kai dai ba ka gajiya, ko a nan ma sai ka taɓa shi?" Na rantse, na ƙara rantsewa, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ina ƙara rantsuwa suna ƙara dariya. Shekara hamsin suna jina ina yi masa sharri, yau don me za su yarda? Wani ya kama ni ta baya ya ɗaga ni ya ajiye gefe, yana cewa taubashi ba ya ganin alherin taubashinsa. Hawaye na zuba a idona, su suna ganin na dariya ne.

Bawana ya taka har ruwan ya shafi yatsunsa. Ya tsaya a nan, ni dai na ga kamar shekara. Sannan ya juyo, ya sa usur a baki ya hura, irin hurawar da ta sa awaki suka zabura. Wurin ya yi tsit.

Ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. Ban iya ruwa ba. Aikina tsaron ƙofa ne, shi na yi har na gama." Ya kwance igiyar daga ƙugunsa. "In na shiga zan mutu, kuma wani zai biyo ni. Abin da na iya shi zan yi. Babu mai wucewa sai na ga kan kwalbatin nan da idona."

Ya ɗaure bakin igiyar a jikin wata bishiyar marke, ya ja ta ya gitta hanya ya ɗaure a amalanken wani, ya shata layi da diddige, ya tsaya a tsakiya ba takalmi. Fuskar nan da na gani a get ita ce ta dawo. Sai surutu ya ɓarke. Wani ya ce ashe duk shekarun nan maigadi muke sara wa. Wani ya ce a dawo da kifin Paki. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi ya tayar da babur ya ce shi zai wuce, ya saba. Bawana ya sa hannu ya zare makullin ya jefa a aljihu, ko kallonsa bai yi ba. Mai unguwa ya matso ya ce shi yana da zama da hakimi, a ɗaga masa. Bawana ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri." Mai unguwa ya koma ya zauna a kan buhun masarata.

Haka muka wuni. Ana zaginsa, ana yi masa waƙa, wasu suka juya gida. Ko ruwa bai sha ba. Sai wajen la'asar ruwan ya janye, kan kwalbatin ya fito. Gefe ɗaya ya zaizaye, ramin da zai iya haɗiye tayar babur ko ƙafar mutum. Wasu suka ce da an shiga da an yi asarar rai, wasu suka ce ɗan wannan ramin ai tsallakewa ake yi, ya dai kashe musu kasuwa a banza. Har yau ba a gama wannan gardama ba. Shi dai ya kwance igiya ya naɗe, ya miƙa wa mai ita, ya ba ɗan acaɓa makullinsa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya tafi gida a ƙasa.

Kafin sati sunan ya canza. Yara na ganinsa su ce Maigadi, manya su ce Sojan Tudu. Ba a karɓe shugabancin sintiri ba, don ko masu zaginsa sun ga yadda ya tsayar da mai unguwa, amma a majalisa an daina yi masa tambayar teku, in ya zo sai a riƙa ƙunshe dariya. A hankali ya rage zuwa.

Washegarin ranar da ya rufe hanya na zauna a zaure ina jiran ƙarar sanda a ƙyaure. Na shirya zagin da zan mayar, na ce in ya zage ni sau goma zan shanye, ni na jawo. Sai na ji sallama, cikakkiya, a hankali. Na fito na gan shi tsaye nesa da ƙofa.

Ya ce, "Malam, ina kwana? An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Na ce, "Kai bawa, wane irin iskanci ne wannan?"

Ya ce, "Madalla. A gaida mutan gida." Ya wuce.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Da aka yi wata guda a haka na kasa haƙuri, na je gidansa bayan la'asar. Na ce na san na karya alkawari, amma tsoro ne ya sa, na ga zai mutu. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Faɗar da ka yi ba ta dame ni ba, ka kyauta ma. Su da suka kira ni ba su sani ba. Kai ka sani, ka sa aka kira ni." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai ƙara tayar da maganar ba.

Damina huɗu ke nan. Ba ya gaba da ni. In ba ni da lafiya yana zuwa dubiya, da aka yi sunan jikata shi ya fara isowa. Na gwada duk zagin da na sani, na ƙirƙiro sababbi, na tsokane shi a gaban mutane ko zai manta ya rama. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya shirya, Malam. Wallahi abin yana cina, ban taɓa sanin gaisuwar mutunci tana da zafi haka ba. Jiya ma na je gidansa. Yana jin sallamata ya sa aka ɗauko sabuwar tabarma, wadda yake shimfiɗa wa baƙi, ya ce a kawo wa Malam ruwa.